Duwatsun sama na hamadar Agadas: me ke cikinsu da har ake sayensu da miliyoyi?

Ranar 16 ga watan Yuli 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin Niyok na Amurka ya sayar da wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a kan dala miliyon 5,3, wato kimanin miliyar 3 na kuɗin sefa. A jihar Agadas aka tsinto shi cikin watan Nuwamba 2023. Masana sun ba shi lamba NWA 16788, kuma shi ne dutse mafi girma daga duniyar Mas da aka taɓa samu a doron ƙasa.

Irin waɗannan duwatsu ɓaraguzai ne da ke yawo a sararin samaniya kafin su faɗo. Mafi yawansu na ɗauke da ƙarfe da nikel, wasu har da ɗan iridiyom da filatinom. To amma waɗannan ma'adanai masu tsada kaɗan ne ƙwarai a ciki, narka dutsen ba zai biya wahala ba. Abin da ke ba shi daraja shi ne ƙarancinsa da ilimin da ke ƙunshe cikinsa. Duwatsun Mas da aka sani a duniya ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. A 2022 kuma, masu bincike sun gano sabbin ma'adanai biyu cikin dutsen El Ali na ƙasar Somaliya, waɗanda ba a taɓa ganinsu cikin ƙasa ba.

Hamada na adana su saboda rashin ruwan sama, kuma baƙin dutse a kan farin rairayi ba ya ɓuya. Ana gane shi da nauyi fiye da girmansa, da baƙin ɓawo kamar ƙonanne. Yawancinsu mayen ƙarfe na kama su, amma awon masana kaɗai ke tabbatarwa. Fasa dutsen ko wanke shi na rage masa kima.

Bayan gwanjon, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya fita daga ƙasa, sannan a watan Agusta 2025 ta dakatar da fitar da duwatsun sama da sauran duwatsu masu daraja. Don haka wanda ya tsinci irinsa, ya rubuta wurin da ranar, ya sanar da hukuma kafin ya saurari dillali.