Ɗan akuya ya zo duniya ba gashi, wuya a kumbure: mene ne sanadi?



Kwanakin baya wani bidiyo ya yi ta yawo a WhatsApp, na wata ƴar dabba mai kama da ɓera, jikinta sumul ba gashi. Wasu suka ce ciwo ne, wasu suka ce ba lafiya ba, akwai hannun iska. Wata mai kiwo kuma ta aiko mana da saƙo cewa ita abin bai ba ta dariya ba, don bara akuyarta ta haifi tagwaye kusan haka, ba gashin kirki, wuyansu a kumbure, kuma ba su kwana biyu ba suka mutu. Wannan saƙo ne ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani.

Dabbar bidiyon dai ɓeran Masar ce, wadda asalinta ƙasashen Amurka ta Kudu ne irin su Peru. Irin marar gashin ya ɓullo ne a 1978 a wani ɗakin bincike na birnin Montreal a Kanada, daga baya mutane suka riƙa kiwonsa don sha'awa. Rashin gashinsa gado ne, haka ake haifarsa. Sai dai yana jin sanyi da wuri, yana cin abinci fiye da mai gashi don ya ɗumama jikinsa, rana kuma tana ƙona masa fata. To shi ke nan labarinsa. Na ɗan akuyar garkenmu daban ne: galibi abin da uwar ta rasa ne a cikin abincinta tun tana da ciki.

Abin da ke cikin wuya

A gaban maƙogwaron mutum da na dabba akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara ɗumin jiki, bugun zuciya, girman ƙashi, tsirowar gashi da ginuwar ƙwaƙwalwa. Ba ta iya wannan aiki sai da aidin, wanda ake rubutawa iode a jikin buhun gishiri. In aidin ya yi ƙaranci, tsokar takan yi ta ƙoƙari har ta kumbura. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo da muka sani a jikin mutane.

Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki wata 5 ne, kwana 150 ko kusa da haka, kuma ɗan da ke ciki daga jinin uwa yake samun nasa aidin. Abin da ke ruɗa mai kiwo shi ne uwar tana iya kasancewa garau, tana ci tana sha, sai ranar haihuwa a ga ɓarnar. Ɗan yakan zo da kumburi biyu a gefen maƙogwaro, gashi kaɗan ko babu, ba ya iya tsayawa ya kama nono. Numfashinsa da wahala, jikinsa kuma ba ya riƙe ɗumi. Wani a mace ake haifarsa. In haihuwar ta faɗo cikin hunturu, daren sanyi ɗaya ya ishe shi.

Me ya sa a nan?

Aidin ya fi yawa a teku da abin da ke fitowa daga cikinta, mu kuwa muna nesa da teku ƙwarai. Ƙasar da ba ta da shi, ciyawarta ma ba za ta samu ba.

Sai maganar gero, wanda Damargu ta yi suna da shi. Binciken da aka yi kan geron yammacin Sudan ya nuna yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfin aiki, kuma sun fi taruwa a cikin dusa. Kada wani ya ce rediyo ya hana tuwo da fura, ko ba akuya dusa. Abin nufi, dabba mai ciki da ba ta samun komai sai dusa da kara, ga kuma ƙarancin aidin, ita ce ta fi shiga haɗari. A haɗa mata da harawa ko ganyen gyaɗa gwargwadon hali.

Wani zai ce ai yana ba garkensa kantun Balma da kanwa, wani ma har Ingal yake kai su lasar gishiri a ƙarshen damina. Duk wannan yana da amfani, iyaye da kakanni ba su yi shi a banza ba. Amma kantu da kanwa ba a zuba musu aidin, don haka ba su tsaya a madadin gishiri mai aidin ba. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a sa aidin a gishirin mutane da na dabbobi baki ɗaya.

Ba kowane kumburi ne maƙoƙo ba

In babbar akuya ce ta kumbura a ƙarƙashin haɓa, kumburin da laushi kamar ruwa, ga rama, cikin fatar idonta ya yi fari, to a fara tunanin tsutsar ciki mai shan jini. In ƙullutu ne ɗaya mai tauri kusa da kunne ko muƙamuƙi, yana iya zama ƙurji mai mugunya. In gashi ne ke zuba, dabba na ta susa a jikin garu, fata ta yi kaushi, wannan ƙazwa ce, kuma tana yaɗuwa cikin garke. Kowanne da maganinsa, shi ya sa ganin malamin dabbobi ya fi sayen allura a kasuwa da ka.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan haɗari. In awaki ko tumaki da yawa suka yi ɓari a lokaci guda, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take. Wasu cututtukan ɓari suna kama mutum, kamar zazzaɓin da ake kira na Rift, wanda ya kashe mutane da dabbobi a yankin Cintabaradan da Tasara na jihar Tawa a 2016. Kada a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a kuma tafasa madara kafin a sha.

Abin yi

Maganin yana farawa ne tun kafin haihuwa. A samar wa masu ciki gishirin lasa mai aidin, ko a barbaɗa ɗan gishiri mai aidin a cikin dusarsu. A ajiye gishirin a rufe, a inuwa, don rana da laima suna cinye aidin ɗin. Kada kuma a ɗura wa dabba jan maganin da ake shafa wa miki da sunan ƙara mata aidin. In ya yi yawa shi ma yana lalata tayirod. Malamin dabbobi ne zai faɗi awo.

In an riga an haifi ɗan da rauni, a goge shi ya bushe, a lulluɓe shi da tsumma, a kai shi inda iska ba ta bugu. A tatso dakashi a ba shi kaɗan-kaɗan tun cikin sa'o'in farko, sannan a nemi taimako.

Mu kuma duba gida. Ƙasar da akuya ke kiwo a kanta ita muke nomawa, kuma sau da yawa kasuwa ɗaya muke sayen gishiri. Babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Ƙarancinsa na iya jawo ɓari, ko ya taɓa kaifin basirar yaro tun yana ciki, abin da ba ya gyaruwa daga baya. Don haka gidan da aka ga ɗan akuya mai maƙoƙo, matan da ke da juna biyu su faɗa wa ungozoma ko malamin asibiti a wajen awo.

Ku kuma ƴan'uwa na waje, in kun aiko da kuɗin dusa ko na rago, ku tambaya wane gishiri ake ci a gida da garke. Wanda ya taɓa ganin irin wannan haihuwa, ya aiko mana da saƙon murya ya faɗi garinsu da watan da abin ya faru, za mu miƙa wa jami'an kiwo. Allah Ya sa albarka a garke, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.