Ƙafar Tsohuwar Mota: A Duba Kafin A Saya

Yau ba zancen taki ko iri za mu yi ba, zancen mota ne. Kaka ta yi, gero da wake da gyaɗa suna jiran a kai su kasuwa, kuma a ƙauyukanmu na ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, tsofaffin motoci ne ke wannan aiki.

Iyayenmu sun san Fijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Yanzu Golf ce ta cika tashoshinmu, musamman Golf 3 da ta fito a Jamus a 1991. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Mota mai irin wannan shekaru, tana bin yashi da ramuka da lodi har kan rufi, ƙafa ce take fara ba ta wahala.

A ƙarƙashin mota, bayan kowace tayar gaba, akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku wanda makanikai ke kira lowa-am. Shi ne hannun da ke riƙe taya da jikin mota. A gefen da ya kama jiki akwai roba biyu, su ne bushin. A gefen taya kuwa akwai gaɓa mai juyawa kamar ta kafaɗar mutum, wato bol-joyin. Taya tana hawa tana sauka, amma wannan hannu ba ya barin ta kauce daga wurinta.

Bari in faɗi abin da ya same mu bara. Motar ƙungiyar manoma ta ikilisiyarmu ta fara ƙara a gaba. Aka ce lowa-am ne. Ni da ma'aji muka tafi saye, muka tarar da kashi biyu, muka ɗauki mai araha, muna murna mun rage wa asusu nauyi. Ba mu lura an taɓa yi masa walda an shafe da baƙin fenti ba. Bayan mako uku, muna ɗauke da buhunan gero za mu Daura, sai ya karye, tayar dama ta lanƙwashe cikin jiki. Allah ya sa yashi ya hana mu gudu. Wannan mota ita ce ke kai mata masu naƙuda asibiti da dare. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Laifin namu ne, mun duba kuɗi ba mu duba ƙarfe ba. Araha ba ta ado.

To, yaya za ka gane hannun ya gaji? Za ka ji ƙwanƙwasa in ka faɗa rami. Mota za ta riƙa ja gefe guda, ko sitiyari ya yi rawa in ka taka birki. Taya kuma za ta cinye a gefe ɗaya, ɗaya gefen yana da sauran zane. In ka ga haka, a ɗaga motar da jak, a tokare ta da kututture mai ƙarfi, domin ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Makanike ya girgiza tayar, ya sa ƙarfe ya ɓanɓara wajen bushin, kai kuma ka sunkuya ka gani da idonka. Gani ya kori ji.

Ba kullum ne sai an canja hannun duka ba. Idan ƙarfen a miƙe yake, babu tsaga, babu tsatsa mai cin jiki, bushin kaɗai za a sake, ko bol-joyin, wanda a Golf 3 da noti uku aka ɗaure shi. Wasu suna yanka tsohuwar taya su yi bushin da ita. Tana iya kai ka gida ran da ka maƙale a hanya, amma ba ta daɗewa. Idan kuwa hannun ya lanƙwashe ko ya tsage, a jefar da shi. Kada a gasa shi a wuta a miƙe, kada a kai wa mai walda. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa na asali, kuma ba ya sallama ran da zai karye.

In za ka saya, ko a Daura, ko Katsina, ko ka bi ta Kazaure zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon a hannunka. Jera su a ƙasa, ka gwada tsawo da ramukan noti. Suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya: Golf 3 mai noti huɗu a taya da mai noti biyar hannayensu sun bambanta. A motoci da yawa kuma na dama daban, na hagu daban.

Kaya iri biyu za a nuna maka. Akwai ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a Turai. Sau da yawa ƙarfensa mai kyau ne, amma a can suna zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Kankare shi da wuƙa, ka ƙwanƙwasa, ka duba bakin ɗinki. Robarsa ma ta tsufa, saboda haka sa kuɗin sabon bushin cikin lissafinka. Akwai kuma sabo cikin kwali, a nan ne jabu ke ɓuya. Ɗauki tsohon a hannu ɗaya, sabon a ɗaya hannun. In sabon ya fi sauƙi ƙwarai, ko ƙarfensa siriri ne, ajiye shi. Motsa bol-joyin: mai kyau yana da tauri, ba ya lilo, robar da ta rufe shi kuma ba ta fashe ba. Sabon fenti a kan tsohon ƙarfe abin tuhuma ne. Ka yi magana da mai shago a kan mayarwa in bai dace ba, ka karɓi rasit.

In da hali, a gyara dama da hagu tare, tun da hanya ɗaya suka sha. Wajen ɗaurawa, kada a ƙarasa ɗaure notin bushin sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Daga nan a kai ta alaimen, don kada ta cinye taya. A kuma rage lodi, gara sawu biyu da kwana a daji.

Motar ƙungiya amana ce, haka ma ran kowane mutum da ya shiga cikinta, Kirista ko Musulmi. Shawarata ga kowace ƙungiya ita ce, a ware wani abu daga kuɗin kowane sawu a asusun gyara, don ran da ƙafa ta yi ƙara kada rashin kuɗi ya tura ku ga mai araha kamar yadda ya tura mu. Mu mun fara tun bara, ma'aji yana rubutawa a littafi.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku a wannan kaka.