Mata Da Miji A Hanyar Gabas: Abin Da Doguwar Tafiya Ta Koya Wa Mutanen Da

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, kafin ya kai Kakuri zai wuce tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ake kira Kaduna Junction. A nan ne hanyar dogo ta Ikko zuwa Kano ta haɗu da wadda ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Kafancan, cikin 1927. A zamanin da, mai niyyar gabas daga wannan yanki ya kan iya shiga jirgi a nan zuwa Jos, daga can ya nemi mota zuwa Barno, domin dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964. Daga Maiduguri kuwa sai abin da hali ya yi: mota in an samu, ko jaki, ko sayyada.

In ana zancen mata da miji da suka bar gida suka yi shekara da shekaru suna yawon duniya, hankalin mutane ya kan tafi wajen Turawa masu yawon buɗe ido. Alhali kuwa ƙasar Hausa ta daɗe da irin waɗannan ma'aurata, watau alhazan ƙasa, waɗanda suka ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas don sauke farali. Tsakanin Kano da Makka ya fi mil 2,000 ko da a miƙe aka auna. Wasu sukan je su komo cikin shekara 2 ko 3, wasu sai sun yi 7 ko fiye, wasu kuwa har yau jikokinsu na can.

Dalili biyu ne suka sa tafiyar ta zama ta iyali. Na farko, malamai sun yi hani ga mace ta yi doguwar tafiya ba tare da mijinta ko muharraminta ba. Na biyu, magidanci ba ya iya barin iyali shekaru barkatai ba ci ba sha. Saboda haka in niyya ta tsaya, sai a sayar da abin da za a sayar, a biya bashi, a bar wasiyya, a bi dangi gida gida ana neman gafara, don ba wanda ya san ko za a sake ganawa.

Hanyar da aka fi bi ita ce daga Maiduguri zuwa Dikwa, a ƙetare kogi a shiga Fotlami, wadda aka sake wa suna Injamena cikin 1973. Daga nan sai Abashe a ƙasar Wadai, sai Janaina da Fashir a Darfur, har a kai Ubayyid, inda jirgin ƙasa na Sudan ya iso tun 1912. Mai kuɗin jirgi sai ya shiga zuwa bakin Bahar Maliya, ya jira jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda. Amma fa masu isa Ubayyid da sauran kuɗi a lalita ba su da yawa.

Guzurin da ba ya ƙarewa

A nan ne darasi mafi girma yake. Kome yawan abin da talaka ya ƙulla a gida, da wuya ya kai shi ƙarshen hanya. Abin da ke ciyar da matafiya gaba shi ne sana'ar da suka taho da ita a hannu. In damina ta riske su a wani gari, sai maigida ya nemi aron gona, a shuka gero ko dawa, a girbe, a sayar, da rani a ƙara gaba. Wanzami ya buɗe zabirarsa, maɗinki ya kama hula, malami ya tara yara a gindin bishiya, wanda ba shi da ko ɗaya ya ɗauki tulu ya shiga ga-ruwa. Mahauta ma sun bar alamarsu, domin gasasshen naman nan mai ƙuli da yaji da mutanen Sudan ke kira agashe, daga hannun Hausawa suka same shi.

Bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar cikin 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, tsakanin rassan kogin Nilu guda biyu. Masu gonakin suna bukatar hannuwa, alhazai kuma suna bukatar kuɗin jirgi. Sai Jazira ta zama babban zangon mutanenmu, inda mata da miji da 'ya'yansu ke shiga tsinkar auduga kaka bayan kaka, suna tara abin ƙetare teku.

To, sai dai aikin gona yana da lokacinsa, ciki kuwa ba ya jiran kaka. Wannan giɓi uwargida ce ke cike shi. Duk inda aka sauka, da ta sami murhu da kasko sai ta kafa suyar ƙosai, ko ta soya gyaɗa, ko ta dama koko, ko ta yi kitso. Ribar ba ta da yawa, amma kullum tana shigowa, da ita ake cefane, abin da maigida ya samo kuma a ɗaure shi don hanya. In ciwo ya kwantar da ɗaya, ɗayan ne asibiti, shi ne kuma mai nema. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba inda maganar ta fi tabbata kamar a tsakanin Wadai da Darfur, inda ba uwa ba uba, ba kuma gidan da mace za ta yi yaji ta tafi. Zaman da ba shi da shawara da haƙuri ba ya kai ma'aurata ko'ina a wannan hanya.

Darasi na biyu shi ne mutunta mai masauki. A yawancin garuruwan hanya akwai unguwar Hausawa da shugabanta. Shi ke saukar da baƙo, ya nema masa aiki, ya tsaya masa gaban hukuma, ya gaya masa ayarin da ya kamata ya bi. Wanda ya riƙe amana, labarinsa ya kan riga shi isa zango na gaba, haka kuma wanda ya ci ta. Ban da wannan, dole baƙo ya sassauta harshe ya koyi Larabcin kasuwa, ya ci abin da ya tarar, ya bar ɗaukar al'adar garinsu ita kaɗai ce daidai.

Waɗanda hanya ta riƙe

Kada mai karatu ya zaci tafiyar daɗi ce. Ƙishirwa da cuta da 'yan fashi sun rage ayari da yawa. A bakin teku akwai binciken takardu da tsarewar likita, waɗanda ba su da takarda kuwa sukan faɗa hannun masu ƙananan jiragen ruwa da ke fitar da mutane a ɓoye, wani lokaci su sauke su a gaɓar da ba ruwa ba gari. Mafi muni, kafin Sa'udiyya ta haramta bauta cikin 1962, an sha samun miyagu da ke yaudarar matafiya su sayar da yaran da aka taho da su.

Wasu kuma ba wahala ce ta tsayar da su ba, zama ne ya yi daɗi. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka kafa gari a bakin kogi kusa da Sannar, wanda har yanzu ake kira da sunansa. Masu zuwa daga baya suka riƙa tarar da 'yan'uwa da gona da masallaci, sai baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Wani masani mai suna Bawa Yamba, a littafin da ya wallafa cikin 1995, ya bayyana yadda ya tarar da jikoki da tattaɓa kunnen alhazai a ƙauyukan Jazira, an haife su a can, ba su taɓa ganin Makka ba, amma suna kiran kansu matafiya da ke kan hanya. Wannan ma abin lura ne: mai dogon buri in bai sa wa kansa ranar tashi ba, zango ya kan zame masa gida. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya taɓa Janaina da Fashir da Wad Madani, garuruwan da zuriyar waɗannan bayin Allah ke zaune.

Tun daga shekarun 1950 hanyar ƙasa ta fara ja da baya. Jirgin sama ya fara ɗibar alhazai daga Kano. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi aikin hajji cikin 1955, gwamnati kuma ta shiga kula da jin daɗin alhazai. Sudan ta sami mulkin kai cikin 1956, Cadi cikin 1960, aka tsananta binciken fasfo a kan iyaka. Cikin 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Wannan sauyi ya dace da sabon irin mutumin da Kaduna ta haifar, wato ma'aikacin reluwe, ko akawun gwamnati, ko ma'aikacin masaƙar Kakuri wadda ta fara aiki cikin 1957, mutumin da hutunsa na 'yan makonni ne, ba ya iya ba hanya shekara 5.

Sauƙi ya samu, ba mai fatan a koma wahalar da. Amma ilmin da hanyar ta bayar bai tsufa ba, mutanen kudancin Kaduna kuwa sun ga shaida. Da masaƙar Kaduna ta rufe cikin 2002, wasu masaƙun suka bi baya, dubban magidanta a Kakuri da Makera sun wayi gari kamar alhajin da guzurinsa ya ƙare a Wadai. A gidaje da dama, 'yar sana'ar da uwargida ke yi a tsakar gida, wadda a da ba a ɗauke ta a bakin kome ba, ita ta riƙe tukunya.

Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya tuna albashi guzuri ne, yana da ranar ƙarewa, kada ya raina jarin matarsa, kada kuma ya hana ta. Ɗalibi kuma, namiji ko mace, ya haɗa takardar shaida da wata sana'a da za ta ciyar da shi a garin da ba a san ubansa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya.