Kaboyin Nijar da aka manta da su

A Matamaye, bisa hanyar Damagaram zuwa Kano, samari sun san ƴan wasan Kano kamar ƴan'uwansu na jini. Dattawa kuwa da kaboyin Amurka suka tashi, masu faffaɗar malafa da bindiga a ƙugu. Amma wa yake tuna cewa Nijar ma ta yi nata kaboyin?

A shekara ta 1966 Mustafa Alasan ya fito da «Le Retour d'un aventurier», labarin wani saurayi da ya komo gida da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Zalika Sule tana cikinsu. Mai marmarin ganin irin waɗannan ƴan wasa ido da ido, sai ya yi tattaki zuwa Wagadugu, inda ake bikin FESPACO tun 1969. A can Umaru Ganda ya ci babbar kyauta a 1972.

A gida kuwa, zagi Zalika ta sha, don jama'a sun ɗauka halin muguwar macen da take kwaikwayo nata ne. Fim ɗin Rahmatu Keita, «Al'lèèssi», ya nuna ta a Yamai cikin talauci. Ta rasu a 2021.