Ɗigon Baƙin Mai a Gefen Kuloci

Shirinmu na yau na masu babur ne, ko ɗan acaba, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, ko magidancin da ke kai yara makaranta. Magana ce a kan tabon man da mutum kan tarar da safe a ƙarƙashin mashin ɗinsa, ta hannun dama, wajen murfin kuloci.

A gurguje, ga yadda abin yake. A babura irin Bajaj Boxer da TVS da Haojue, baƙin mai guda ne ke wa inji da giya da kuloci hidima, kuma duka-duka bai wuce kimanin lita ɗaya ba. Lita ɗaya fa, jama'a. Mota tana shan kimanin lita huɗu ko fiye, tana iya jure ɗan yoyo. Babur ba shi da wannan rarar.

Akwai wani labari da ya ja hankalina ƙwarai, ku ba ni dama in ɗan tsaya a kansa. A shekarar 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura ma'aikatansa biyu su zagaya Tailan da Malesiya da Indonesiya da Filifin da Iran da Pakistan, su ga yadda talaka yake mu'amala da babur. Suka yi kusan wata guda suna kallo. Suka ga babur ɗaya ɗauke da miji da mata da 'ya'ya, ga kaya a baya. Suka ga man inji da ya yi kauri ya zama kwaɓaɓɓe, amma ana ta hawa. Suka ga ba a kai mashin wurin gyara sai ranar da ya ƙi tashi. Mutanen nan ba su koma gida suna zagin masu babur ba. Sai suka zauna suka ƙera injin da zai jure wannan rayuwa, aka fito da CG125 a 1975. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika kasuwanninmu daga baya, ƙirar wannan inji suka kwaikwaya. Abin yana burge ni, domin mutanen sun dubi halin da talaka yake ciki da mutunci. To amma ko su ba su ƙera injin da zai yi tafiya babu mai ba.

Yanzu ka ga ɗigo. Me za ka yi? Roƙona na farko, kada ka bari a kwance maka inji tukuna. Inda mai yake ɗiga ba lallai nan ne inda yake fitowa ba. Kamar yoyon kwanon ɗaki ne da damina: ruwa na sauka a tsakar ɗaki, hudar tana can sama kusa da bango. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya idan ana tafiya. Sau da yawa daga kan inji yake tsattsafowa, ya bi jikin silinda, ya taru a leɓen murfin kuloci, sai a ɗora wa murfin laifin da ba nasa ba.

Ga dabarar da gogaggun kanikawa ke yi, kuma ba ta cin kuɗi mai yawa. A wanke injin tas da kananzir da buroshi, a bi da ruwan omo, a bar shi ya bushe sarai. Sai a barbaɗa hoda, irin ta jarirai, a duk kewayen murfin, da gindin kik, da wurin da wayar kuloci ke kama ɗan hannun ƙarfen nan. A tayar da mashin ya yi zafi, a ɗan zagaya da shi. A dawo a durƙusa a duba. Hodar fara ce, duk inda mai ya leƙo sai ya ja baƙin layi. Ka bi layin zuwa sama. Ka bi shi zuwa sama, kuma zuwa gaba, har inda ya fara. Nan ne ciwon yake.

Idan layin ya taso daga gindin kik, ko daga inda ɗan hannun kuloci ya shiga murfi, to sil ne, ƙaramar robar da ke rungume da sandar. Zafi da ƙura suna busar da ita. A zare ta a hankali kada a karce gurbinta, a shafa wa sabuwa mai, a danna ta daidai, gefen da ke da ɗan zoben waya yana kallon ciki. Idan kuwa a bakin murfin man ne, watakila zoben roba ne kawai ya lotse. Kafin ma a je nan, a duba ko an cika man fiye da ƙima, a kuma duba ƙaramin tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa. Idan laka ta toshe shi, iska na taruwa a ciki ta tura mai waje, ko an sa sabon sil gobe ya sake yoyo.

Idan fakin ɗin murfi ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfi da jikin inji, nan nake da ƙorafi. Abin da aka fi yi shi ne a ɗauko sifana a ƙara tamke notuna da ƙarfi. Jikin injin alminiyon ne, zarensa ba ya jure haka, yana cinyewa, ƙaramin aiki ya zama babba. Wasu kuma su lafta gam mai yawa. Wanda ya matso ta ciki yakan ɓalle ya toshe rariyar mai, kan inji ya rasa mai, ba tare da mai babur ya sani ba. Hanyar ita ce a juye mai, a kwance notunan a jera su bisa tsari domin ba tsawonsu ɗaya ba, a kankare tsohon fakin ba tare da an yanki ƙarfe ba, a sa sabo, a ɗaure kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa.

Lokaci na neman ƙure mana, amma masu tsohon Jincheng mai hayaƙi, ƙirar Suzuki AX100, ku saurara. Naku man giyar daban yake da wanda inji ke ƙonawa. Idan yana raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa, ga hayaƙi ya yi yawa, fulogi na jiƙewa, to sil ɗin da ke ta gefen kuloci ne ya saki, inji na zuƙe man yana ƙonawa. Wannan sai bakanike.

Bayan gyara a zuba man babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, domin wasu man mota suna sa kuloci santsi. Kuma idan mai ya taɓa tayar baya, a wanke ta kafin a hau titi.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa. Allah ya tsare hanya, a huta lafiya.