Zaɓen Manhajar Tsara Hotuna a Kwamfuta: Ina Take Rubuta Sunayen?

A da, idan mutum ya karɓo hotonsa daga shagon mai hoto, yakan juya bayansa ya rubuta sunayen waɗanda ke ciki da ranar da aka ɗauka, sa'an nan ya sa shi a albam. Ko albam ɗin ya yage, rubutun yana nan tare da hoton. Yau kuwa ma'aikaci ɗaya yakan tara hotuna dubbai cikin kwamfutarsa, na taron ofis da na rangadi da na bikin suna, duk a cakuɗe, kowanne da lamba maimakon suna. Ranar da Babban Sakatare ya ce a kawo masa hoton buɗe asibitin da aka yi shekara huɗu da suka wuce, ran nan ne ake gane cewa tara hoto daban, adana shi daban.

Saboda haka ne aka ƙago manhajojin tsara hotuna. Aikinsu ya yi kama da na akawun rajista, watau su jera hotuna bisa kwanan wata, su ba mutum damar rubuta suna da wuri a kan kowanne, har wasunsu kan gane fuska su tattara hotunan mutum ɗaya wuri guda. Kusan dukansu suna yin wannan. Abin da ya kamata mai zaɓe ya tambaya shi ne: wannan rubutu da zan ɓata watanni ina yi, a ina manhajar take ajiye shi?

Dalilin tambayar kuwa shi ne manhaja takan mutu ta bar hotuna. Kamfanin Google ya sayi Picasa a 2004 ya sake ta kyauta, jama'a suka rungume ta, amma a 2016 ya daina kula da ita. Kamfanin Apple ya fito da Aperture a 2005, ya janye ta daga kasuwa a 2015. Microsoft ma ya yi watsi da Windows Photo Gallery a farkon 2017. Masu amfani da wannan ta ƙarshe ba su sha wuya sosai ba, domin tana rubuta sunaye cikin fayil ɗin hoton kansa. Masu Picasa kuwa, da yawa sun tarar albam-albam ɗinsu da sunayen fuskoki suna cikin kundin manhajar da wasu ƙananan fayiloli nata, waɗanda ba kowace manhaja ke iya karantawa ba. Hotunan ba su ɓata ba, wahalar shekaru ce ta nemi salwanta.

Kowane hoton kyamara ko waya yana da wurin rubutu a cikinsa, wanda shi ne bayan hoto na wannan zamani. Kyamara da kanta takan rubuta rana da sa'a a sashen da ake kira EXIF, mai hoto kuma yana iya ƙara suna da bayani a sashen IPTC ko XMP. Abin da aka rubuta nan yana bin hoton duk kwamfutar da aka kai shi.

To, wace za a ɗauka? Lightroom ta kamfanin Adobe, wadda ta fito a 2007, gwana ce wajen gyaran haske da launi, masu sana'ar hoto kuma suna yabonta. Sai dai tun 2017 kamfanin ya bar fito da sabon samfurin da ake saye sau ɗaya, sai haya ta wata ko ta shekara da kuɗin waje, abin da ba kowane albashi ke ɗauka ba, balle aljihun ɗalibi. Har wa yau tana ajiye rubutu cikin kundinta, sai an umarce ta kafin ta sa shi cikin hoton. Google Photos tana da sauƙi ƙwarai, amma tana bukatar intanet, kuma ajiyar kyauta marar iyaka ta ƙare ranar 1 ga Yuni, 2021. Abin da ya rage kyauta shi ne gigabayit 15, wanda hotuna ke rabawa da wasiƙun Gmail. Hotunan ofis kuwa, kada ma'aikaci ya ɗora su can sai da izinin na gaba da shi.

A ganina, ga ɗalibi da ƙaramin ofis, digiKam ta fi dacewa. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux ba tare da intanet ba, tana gane fuska, kuma tana barin hotuna cikin foldar da mai su ya tsara. Aibinta shi ne yawan maɓallai, makon farko yakan gajiyar da sabon shiga. Ita ma sai an shiga saitinta an ce ta riƙa rubutawa cikin fayil.

Akwai kuma wata matsala da manhaja ba ta iya warwarewa. Hoton da aka turo ta WhatsApp yakan iso a matse, an goge ranar da kyamara ta rubuta. Irin wannan sai a sa masa rana da hannu tun ba a manta ba, ko kuwa a roƙi mai turowa ya aiko shi a matsayin fayil.

Kafin mai karatu ya miƙa wa wata manhaja hotunansa duka, ya kwafi guda ashirin, ya rubuta musu sunaye da ita, ya sa su a filash ya kai kwamfutar abokin aikinsa. Idan sunayen sun bayyana a can, ya ci gaba. Idan babu su, ya koma saiti ya gyara, in ya ƙi gyaruwa ya nemi wata.