Wa Zai Yi Magana da Yawun Baba Ran da Bakinsa Ya Mutu?

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, in mutum ya rasu kowa ya san abin yi. Akwai mai wanka, akwai liman, in an share makoki a kira malami ya raba gado, in an kasa daidaitawa a tafi gaban alƙali. Inda muke rasa tudun dafawa shi ne kafin nan: dattijo yana raye, yana cin abinci in an ba shi a baki, amma ba ya iya cewa e ko a'a. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jiki ya shanye har da harshe. Ko kuwa gigin tsufa ya kama shi, yau ya gane ɗansa, gobe ya tambaye shi daga wane gari yake. Wannan hali kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Ba a raba gadon mai rai, mai ran kuma ba ya iya juya abinsa.

Wanda ya taɓa zaman jinya a Babban Asibitin Gumel, ko ya raka mara lafiya Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano, ya san lokacin da likita kan fito da takarda ya ce wa zai sa hannu. Nan ake yin cirko-cirko. Babban ɗa yana Legas, waya ta ƙi shiga. Ƙanin majinyacin ya rantse ba za a yanke wa yayansa ƙafa yana raye ba, ko da ciwon suga ya cinye ta. Uwargida, wadda ta fi kowa sanin abin da mijinta ke so da abin da yake gudu, tana kan tabarma a gefe, kunya ta rufe mata baki. 'Yar da ke kwana da shi ta daure ta ce, “Kawu, Baba fa ya sha cewa in dai aiki zai yi amfani a yi masa.” Sai a ce mata ta bari manya su gama magana. Kowa a cikinsu son dattijon yake yi, amma kafin su daidaita kwana biyu sun wuce, ciwon kuwa ba ya jiran kowa.

Mutane da yawa sun ɗauka sunan da aka rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki a matsayin makusanci ya wadatar. Bai wadatar ba. Wannan suna na wanda za a nema ne in wani abu ya faru. Bai ba shi ikon taɓa kuɗi ba, bai mai da shi magaji ba.

Dokar Najeriya ta yarda cewa jikin mutum nasa ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma 'yancinsa na ƙin karɓa, cikin harshen da yake ji. Tun kafin nan, a 2001, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dakta Okonkwo na Enugu, wanda aka hukunta saboda bai yi wa wata mata ƙarin jini ba har ta rasu. Matar ta ƙi ƙarin jinin saboda aƙidarta, ta kuma bar hakan a rubuce da sa hannunta. Kotu ta wanke likitan, ta ce baligi mai hankali na da 'yancin ƙin magani. Ba sai mun yarda da zaɓin matar ba. Abin dubawa shi ne takardar da ta rubuta tana cikin hayyacinta ta yi nauyi har a kotu mafi girma a ƙasar. Sai kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta kawar da tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince mai lalurar ya zaɓi wanda zai wakilce shi. Duk da haka ba mu da wata doka guda da ta zayyana yadda lafiyayye zai naɗa mai yanke masa shawarar magani tun kafin ya kwanta, kamar yadda Ingila ta yi da dokarta ta 2005.

Ɓangaren dukiya ya fi rikitarwa. A dubi falken da ke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis. Yana da shanu a hannun makiyayi, wataƙila ma a tsallaken iyaka wajen Dungas ko Magarya. Ya ba manoman Sule Tankarkar da Gagarawa kuɗin riɗi da zoɓo sai kaka ta yi. Dillalai na bin sa, shi ma yana bin wasu. Duk wannan lissafi a kansa yake. Ran da ya faɗi, lissafin ya tafi da harshensa. Mai tsoron Allah ya kawo abin da ke hannunsa, wanda ba shi da shi ya yi gum. A gida kuma katin cirar kuɗi ya faɗa hannun ɗan da ya san lambar sirri, ana cire kuɗin magani ba mai rubutawa, zargi ya fara shiga tsakanin 'yan ɗakuna tun uban na kwance yana kallonsu.

Ko takardar wakilci da lauya ke rubutawa ba ta toshe wannan ƙofa gaba ɗaya ba. A ƙa'idar dokar da muka gada daga Turawan Ingila, wakilci na yau da kullum kan faɗi da zarar mai bayarwa ya rasa hankalinsa, wato daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

A nan ne nake ganin muna zaune kan abin da muke nema. Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da shi, daga Risala zuwa Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, ya daɗe da sanin wannan hali. Akwai babin wakilci, akwai babin hana wanda hankalinsa ya gushe juya dukiya tare da naɗa masa mai kula. Ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubutu da shaidu, ta kuma ambaci waliyyin wanda ba zai iya yin shifta da kansa ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 277, ya sa batun kyauta da wasiyya da gado, da kula da Musulmin da ya raunana a jiki ko a hankali, cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ma'ana, iyali na iya zuwa kotun shari'a da takardar likita su nemi alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar mahaifinsu, wanda zai riƙa kawo lissafi. Kaɗan ne ke zuwa, don ana ganin kamar tonon silili ne. Ni kuwa ina ganin rufin asiri ne, musamman ga ɗan da aka ɗora wa amanar.

Akwai tarko ɗaya da ke yawan kama dattawa. Mutum ya ce ya ba wance gona ko gida, amma ya ci gaba da riƙe abin. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta. In ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali kafin a karɓa, ta koma cikin gado. Abin da ya bayar yana cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya yake ɗauka: ba ya wuce sulusi, ba ya zuwa ga magaji sai da yardar sauran. Mata da marayun da aka riƙa su ne suka fi shan wannan.

Na san abin da za a ce in mutum ya fara shiri tun yana da lafiya: wannan mugun fata ne, rai da lafiya na hannun Allah. Haka ne. Amma wanda ya ajiye likkafaninsa a akwati tun dawowarsa daga Makka ba a ce masa ya kira ajali. Kuma shirin yana da iyaka. Ba wanda zai bar saƙon a gaggauta masa mutuwa. Addini ya haramta, doka ma ta hana. Abin da zai iya faɗa shi ne ko ya yarda da tiyata, ko wankin ƙoda, ko robar abinci ta hanci, ko ya fi son a mai da shi ɗakinsa in likitoci sun ce magani ya ƙare. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urar numfashi in ƙwararru sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu.

Maganar ta fi sauƙi in daga bakin dattijon ta fito, don ɗa ba zai iya tarar mahaifinsa da ita ba. Ya tara matansa da 'ya'yansa maza da mata, da liman da mai unguwa ko dagaci, ya ambaci mutum ɗaya da likita zai saurara, da mai maye masa in ba ya nan. Ba dole ya zama babban ɗa ba. Wanda ke kusa kuma mai iya tsayawa ake nema, ko da mace ce. A rubuta da boko ko da ajami, har da basussuka da dabbobin da ke hannun mutane, shaidu biyu su sa hannu, a kai wa lauya ko magatakardan kotu ya duba. Tsofaffin mata ma haka, don tumakinsu da 'yan kunnensu na zinari sun fi saurin salwanta.

Sauran aikin na Majalisar Dokokin Jigawa ne a Dutse: doka gajeriya da za ta ce wakilcin da aka yi a gaban alƙali yana nan daram bayan hankali ya gushe, da fom ɗaya na Hausa da asibiti da banki za su karɓa ba tare da sun mai da iyali gida neman wata takarda ba.